Na Tsallake Rafi da Wutsiyar Saniya, Inna

Assalamu alaikum Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba, ko kina raye ma sai dai in karanta miki, amma bakina ya ƙi yin shiru.

Inna, an amince da gadar rafinmu! Rafin nan da kike ratsawa kowace damina da ƙwaryar daddawa a ka, ruwa har ƙirji, don ki kai kasuwar Kibiya.

Kin san tun da mazaɓarmu ta Kahu ta zaɓe ni kansila aka jefa ni kwamitin wasanni, ni da ban taɓa buga ƙwallo ba. Kin yi min dariya har da hawaye. To bana na yi ta naci sai da aka mayar da ni kwamitin ayyuka, inda ake yanke maganar hanya da gada.

Ranar zaman ƙarshe kafin a rufe kasafi, sama ta kwana tana zuba. Abokan aikina suna ta bugo waya daga sakatariya, wai saura mutum ɗaya adadi ya cika, in ban zo ba zama ya watse, gada sai baɗi. Na iso bakin rafi, ya cika ya batse, babur ya ƙi. Sai ga Jauro Bello, maƙwabcinmu, zai tsallakar da shanunsa. Na tuɓe babbar riga na naɗe ta a ka yadda kike yi, na damƙi wutsiyar wata farar saniya, muka faɗa. Wallahi na sha ruwa, takalmi ɗaya ma ya tafi!

Haka na shiga ɗakin taro ina ɗiga, laka har gwiwa. Ban yi dogon jawabi ba. Wa zai kalle ni ya ce Kahu ba ta buƙatar gada? Hannuwa suka tashi gaba ɗaya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba: saboda tarin da ke kama ki duk damina na tsaya takara. Na ɗauka zan riga ajali.

Da kaka za a fara aiki. Ranar buɗewa matan Kahu za su wuce da kayansu, ƙafa a bushe. Zan tsaya a gefe ina duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ko da yake na san ba kya ciki.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Sai mun zo.

Ɗanki,
Sabi'u