Fulogi Ta Gaji Da Allura

Kaka, ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni bakanike ne, gemuna har ya fara furfura, kuma kunya nake ji in faɗa wa abokan aiki abin da ke damuna, don kyanwa ce. A cikin injin wata tsohuwar mota na tsince ta tana 'yar mitsitsiya, duk ta yi baƙi da mai kamar tsohon fulogin inji, shi ya sa muke ce mata Fulogi. A kan akwatin sifanoni take barcinta. In na shiga ƙarƙashin mota sai ta biyo ni ta haye ƙirjina kamar ita ce mai garejin. Matata kan ce ko ita ban taɓa kiranta da irin muryar da nake kiran Fulogi ba.

Kwanakin baya ta daina cin abinci, ta rame, dasashinta ya yi fari. Na kai ta wajen wata likitar dabbobi, yarinya ce, da ƙyar ta kai sa'ar 'yata. Abin haushi, Fulogi da ba ta yarda da kowa sai ga ta a cinyar yarinyar ta lumshe ido. Ta ɗebi jini, ta ce kansar jini ce irin ta kyanwoyi, ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa. Raina ya ɓaci.

To a sana'armu, in wani ya ce inji ya mutu, wajen wani ake kai shi, kuma ba a faɗa masa abin da na farko ya ce. A bar shi ya gano da kansa, nan ake sanin gwani. Haka na yi. Likita na biyun ashe ya fi sabawa da shanu, ya cafko Fulogi a wuya kamar zai loda akuya a mota. Shi ma ya ɗebi jini, ya maimaita maganar yarinyar. Na ukun ofishinsa sai sheƙi, shi ma na yi masa gum, ya ɗebi nasa jinin, ya ce da allurai zai warkar da ita tas.

Yanzu duk an aske mata ƙafafu wajen neman jijiya. Da ta ga kwandon da nake sa ta sai ta shige bayan tayoyi. In bi na ukun ne, ko in gwada wani da aka ba ni labari?

Mai baƙin mai a farce

Maigidana bakanike,

Sannu da jinya. Amma bari in tambaye ka, kyanwa ka kai asibiti ko likitoci ka je yi wa jarrabawa? Baiwar Allah jininta ya yi ƙasa, kai kuma kana yawo da ita ana ɗiba kamar mai rabon sadaka.

Ban ga laifinka ba da ka nemi ji daga baki na biyu, har ma akan sake gwajin bayan wani lokaci don a tabbatar. Ɓoyon ne kuskuren. Inji ba ya jin tsoro in an kwance shi, Fulogi tana ji. Kuma mu faɗi gaskiya, angona, ba gwani kake nema ba, wanda zai ce maka lafiyarta ƙalau kake nema.

Ni bokona bai yi nisa ba, amma na tambayi masana kafin in amsa maka. Cutar nan ba a san maganin da ke kawar da ita ba. Saboda haka mai ofis mai sheƙi, ka gaishe shi daga nesa. Kai ma ka san irinsa a layinku, wanda ke rantsuwa kan mota tun bai buɗe ta ba. Na shanun bai yi ƙarya ba, hannunsa ne na shanu.

Likitan da ya dace shi ne mai faɗa maka abin da ba ka so, ya saurari tambayarka, ya riƙe dabbar a hankali. Wannan kuwa Fulogi ta riga ta zaɓa tun ranar farko, a cinyarta ta kwanta. Kai ne ka tsaya ƙirga wa likita shekaru.

Ka kwashi sakamakon gwajin duka ka koma wajenta, ka faɗa mata duk inda ka je. Ku tsara abincin Fulogi da ranakun da za a riƙa duba ta, kuma da ka ga zazzaɓi ko mura, kada ka jira. Fulogi kuma ta yi ritaya daga gareji, ta koma gida da kwanonta ita kaɗai, don tana iya shafa wa 'yan'uwanta kyanwoyi cutar. Mutane ba sa ɗauka, uwargida ta kwantar da hankalinta. Wasu in an kula da su sukan daɗe suna murza ƙirjin masu su.

Ka kai mata akwatin sifanonin gida, in ya so kai ka yi aro a wajen maƙwabta. Wannan muryar kuma, ka riƙa ɗan rage wa uwargida.

Allah Ya ba Fulogi sauƙi, Ya ba ka juriya.

Kakarka