Layi na Bakwai

Litinin, 6 Nuwamba

Ranar Lahadi za a kashe sabar Baba, kwamfutar da ke ɗakin wanki a ƙasa. Mama ta ce ba ta iya jure gurnaninta. Tun rasuwarsa a watan Maris ba ta sauka can ba, ni ke kai wanki.

Gwaggo Gunvor, yayar Baba, ta buɗe min asusu a ciki don in zaɓi hotunan da nake so. Sunan asusun ragna, wato sunana, da ƙananan baƙaƙe. Ta ce min, "Ke ɓera, in kin maƙale ki kira ni. Baki aka ba ki, ba ado ba ne." Na gyaɗa kai.

Talata, 7 Nuwamba

Na sauka bayan makaranta, ƙarfe uku, gari har ya fara duhu. Baƙin allo, alamar $ guda ɗaya. A wurin Baba sunansa ke fitowa da kore. Na danna maɓallin kibiyar sama yadda yake yi, sai wasu tarkacen alamomi suka fito. Na ɗauka na ɓata wani abu. Ban kira ba.

Laraba, 8 Nuwamba

Gwaggo ce ta kira. Ta yi dariya, wai laifinta ne, garin sauri ta bar ni da tsohon shell. Wai shell shi ne ɗan aiken da ke karɓar abin da ka rubuta ya kai wa na'ura, nawa kuma kurma ne. In rubuta chsh -s /bin/bash, in sa kalmar sirri, in fita in dawo.

Na yi. Sunana ya fito da kore. A samansa akwai layi:

Sannu, Tsuntsuwa. Kin ci abinci?

Ba mai kirana haka sai mutum ɗaya. Na haura da gudu, na bar fitila a kunne.

Alhamis, 9 Nuwamba

Yau cewa ya yi: Ki sa hula, kunnuwanki ba na ƙarfe ba ne.

Na rubuta, na sa. Na'urar ta ce ba ta san wannan umarni ba. Kujerarsa har yanzu tana karkata hagu. Na daɗe a zaune. Ban zaɓi hoto ko ɗaya ba.

Juma'a, 10 Nuwamba

Ki yi wa Mama magana, Tsuntsuwa.

Shi ke nan abin da ya fito. Injin wanki ya tsaya daidai lokacin, ɗakin ya yi tsit, sai gurnanin kawai. Da cin abinci na buɗe baki sau biyu. Mama ta tambaya ko ƙayar kifi ce ta maƙale min. Na ce a'a.

Asabar, 11 Nuwamba

Gwaggo ta zo kwashe hotuna. Na nuna mata. Ta cire tabarau ta goge, ta ambaci sunan Baba, ta ce, "Kai, Eilif, ɗan banza."

Ta yi min bayani. Akwai wata jaka a cikin na'urar da ake kira skel, wato ƙwarangwal. Duk abin da aka ajiye a ciki, kowane sabon asusu yana gadonsa. Baba ya san asusu na gaba nawa ne, ya yi alkawarin buɗe min in na cika shekara sha uku. Sai ya rubuta gaisuwa ya ajiye a can, na'ura na zaɓar ɗaya duk shigowa. Tsohon shell ba ya karanta fayil ɗin, shi ya sa ranar Talata ba komai. Da ba ta kira ni ba, da an kashe ban taɓa gani ba.

Ta buɗe fayil ɗin. Layi shida. Na abinci, na hula, na aikin gida, na goge haƙori, da wasu barkwancinsa biyu marasa daɗi.

Na karanta sau uku. Na ranar Juma'a ba ya ciki.

Ban faɗa mata ba. Ta ce za ta buga min su a takarda in ajiye, ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Lahadi, 12 Nuwamba

Da karin safe, Mama na yanka cuku, na ce, "Kada a kashe ta." Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har Gwaggo ta ajiye kofinta. Na faɗi komai, har na Juma'ar. Kunnuwana kamar wuta.

Can Mama ta tashi ta ɗauki kwandon wanki, ba ko rabi a cikinsa, ta sauka. Ta kai minti arba'in. Ban ji injin wanki ya tashi ba.

Gwaggo ta tafi da jirgin ruwan ƙarfe biyu, ba ta taɓa soket ɗin ba.

Na shiga da yamma. Kin ci abinci? Na rubuta, na ci. Na'urar ba ta san wannan umarni ba. Ba komai.

Ƙofar ƙasa a buɗe take. Ba ni na bar ta ba, kuma ban rufe ba.