Tayoyin Jar Mota da Ribar Mijin Gwaggona

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen makon nan, domin na rasa wanda zan faɗa wa a gida.

Ni budurwa ce, na karanta lissafin kuɗi a jami'a. Na daɗe ina yawo da takardu kafin mijin gwaggona ya ɗauke ni aiki a gidan sayar da motoci da yake manajansa. Baba nake ce masa tun ina ƙarama, shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinmu. Motocin da muke sayarwa irin masu tsadar nan ne da aka ƙera don gudu, masu ƙasa-ƙasa, wasu sababbi, wasu an ɗan hau. Aikina shi ne in fitar da ribar da za a samu a kan kowace mota. Abokan aiki har sun sa mini suna Kashi-Nawa, wai ko ruwa aka ba ni sai na tambayi kashi nawa ne na kofin.

Mai wucewa ta gaban gilashinmu gani yake kuɗi muke shara. Gaskiyar ita ce babbar riba tana wajen masu ƙera motar. Mu idan mota ta tafi da wuri za mu iya samun kashi goma sha biyu cikin ɗari. Idan ta zauna kuwa, ci take yi kamar mara lafiya: haya, inshora, wutar sanyaya ɗaki, batir da ke mutuwa, mai gogewa kullum. Mun yi watanni ba mu sayar da ko ɗaya ba, albashin ma rabi-rabi ake biya.

Akwai wata jar mota da ta daɗe a wurinmu har ribarta ta sauko zuwa kashi biyar. Shekararta takwas da ƙerawa, amma mai ita na farko bai hau ta sosai ba, don haka tayoyinta na asali ne. Ba su suɗe ba, idan an shafa musu man ƙyalli sai ki rantse jiya aka sa su. Da nake haɗa lissafinta na durƙusa na karanta shekarar da aka buga a gefen kowace taya, na kuma ga ƙananan tsage-tsage a jikin robar. Na duba abin da masu ƙera tayoyin suka rubuta, na sake dubawa don kada in yi wa kowa ƙazafi. Roba idan ta tsufa bushewa take yi ko ba a hau ta ba, kuma a gudu mai tsanani tana iya fashewa. Motar nan tana kusantar kilomita ɗari uku a awa. Irin tayoyinta sai an yi oda, kuma guda huɗu za su cinye kusan kashi uku daga biyar ɗin da suka rage.

Yanzu an sami mai saye. Wata 'yar kasuwa ce, za ta ba ɗanta, wanda ta ce shi kaɗai gare ta, kyautar gama karatu. Sa'ana ne. Da ya zo gwaji bai kalli kujera ko fenti ba, tambayarsa ɗaya ce, ko allurar awon gudun motar tana kaiwa ƙarshe. Uwar tana dariya tana cewa tun yana yaro haka yake da keke. Ta ajiye kafin alƙalami, ƙarshen mako za su ɗauka.

Na sa kuɗin tayoyin a lissafi, Baba ya soke. Bai yi mini faɗa ba, wannan ne ma ya fi damuna. Ya zaunar da ni ya ce mai saye ba ta tambaya ba, kuma shi ya sayar da motoci da tayoyin da suka fi waɗannan tsufa, ba wanda ya dawo da kuka. Ya ce masu gidan sun ja masa kunne, idan wata ya ƙare babu ciniki za su rufe, ya lissafo mini mutanen da ke ci a ƙarƙashin wurin, har da ni da mahaifiyata. Ni ce zan sa hannu cewa an duba motar an shirya ta.

Ban san tabbas tayar za ta fashe ba, Anti, wataƙila ta yi shekara lafiya. Amma ko abinci na ɗauka sai in ga fuskar matar nan. In na yi magana a ce na ci amanar wanda ya riƙe ni, in na yi shiru ban san da wane ido zan kalli kaina ba. Yaya zan yi?

Mai lissafi da ke cikin fargaba

*

'Yata, kin yi daidai da kika durƙusa kika duba, kuma kada ki bari kowa ya ce miki tsoro ne ya yi miki yawa.

Babanki ba mugu ba ne. Mutum ne da nauyi ya danne, ya ga ciniki ya zo bayan dogon jira, ya rufe ido a kan abin da ba ya son gani. Bakunan da ya lissafo miki gaskiya ne. Amma dukansu ba su kai ran yaro ɗaya ba, balle wanda zai tarar a kan hanya. Kada ki sa hannu.

Kada kuma ki zagaya ta bayansa ki kira matar. Ki koma wurinsa gobe, ke da shi kaɗai, cikin ladabi. Ya ɗauka hanya biyu ce kawai: ya yi asara ko ya yi shiru. Ki nuna masa ta uku. Shi da kansa ya kira mai sayen ya gaya mata tayoyin sun tsufa, za a yi odar sababbi, a raba kuɗin ko a ɗora mata, a ɗaga ranar ɗauka. Uwar da ta iya sayen irin motar nan da wuya ta yi jayayya a kan abin da zai tsare mata ɗa. Ki kuma yi masa lissafin da kika iya: ribar kashi biyu, da abin da zai biyo baya idan aka ɗebo tayar daga gefen titi aka karanta shekarar da kika karanta.

Idan ya ƙi, ki gaya masa a gaban idonsa cewa ba za ki sa hannu ba, kuma ranar ɗauka za ki faɗa wa matar abin da kika gani. Ba zan ɓoye miki ba, aikin yana iya tafiya, gwaggonki tana iya daina amsa gaisuwarki na wani lokaci. Don haka ki fara zama da mahaifiyarki yau, ta ji daga bakinki kafin ta ji daga na wani. Fushin dangi yana hucewa, aiki ana sake samu. Zuwa ta'aziyya gidan matar nan da abin da kika sani a cikinki, shi ne ba za ki warke daga gare shi ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Babanki, ya buɗa muku ciniki mai albarka.