Dokar Hana Karanta Maki

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau na kafa majalisar dokoki a aji biyar. Shekara tara ina koyar da tsarin mulki, ina zana akwatuna da kibiyoyi a allo: ƙudiri ya shiga nan, ya fita can, ya zama doka. Su kwafa, su haddace, su manta. Bana na ce da hannunsu za su yi. Mun juya kujeru suna fuskantar juna, doguwar rular katako ta zama sandar majalisa, abin goge allo ya zama guduma. Su talatin da bakwai ne. Sun zaɓi kakaki, saura talatin da shida masu ƙuri'a. Ni ce shugabar ƙasa, wa kuma?

Na yi musu alkawari a gaban kowa: duk dokar da ta bi matakai ta wuce, za ta yi aiki a ajina har ƙarshen shekara. Suka yi ta tafi. Na dawo gida kamar wadda aka yi wa kyauta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ƙudiri na farko ya iso. Na zaci batun shara ne ko ƙarin lokacin tara. Ashe ni aka nufa.

Yarinyar da suke kira Lauya, wadda ba a taɓa gama magana da ita ba, ita ta kawo shi: a hana malama karanta makin gwaji da ƙarfi a gaban aji. Abin da nake yi ke nan duk ranar Juma'a, daga na ɗaya har na ƙarshe, kowa ya taso ya karɓi takardarsa. Haka malamina ya yi mana, haka muka zama mutane.

Akawunsu ya karanta taken ƙudirin, Kakaki ta buga abin goge allo, ƙurar alli ta tashi, ta ce an yi karatu na farko. Na yi murmushi don su gani. To, me zan ce?

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na je gaida Yaya. Shekara ashirin yana akawun kwamiti a majalisar dokoki ta ƙasa, shi ya sa ba na shirya wannan darasi sai na bi ta wurinsa. Da na ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki. "Auta, kin ba su sanda, kuma kina mamaki?"

Ya ce kada in yarda su tsallake kwamiti. Wai abin da ake gani a talabijin, mutum ya miƙe yana ɗaga murya, rabon abinci ne kawai, girkin a ɗakin kwamiti ake yin sa. Can ake kiran mutanen da dokar za ta shafa a ji ta bakinsu, can ake cire layi a sa layi. Na rubuta a bayan ambulan don in faɗa wa yarana. Matarsa ta ce mu biyu in mun haɗu sai mutum ya ji kamar yana cikin rediyo.

Talata, 11 ga Fabrairu

Karatu na biyu. Kai, yau na ji daɗin aikina! Minti arba'in ana muhawara, ba wanda ya yi hamma. Janar, jagoran masu adawa, ya ce karanta maki shi ke sa shi buɗe littafi, in an daina kowa zai kwanta. Lauya ta ce, "Mai girma Kakaki, ɗan majalisar da ya zauna yanzu, na goma sha bakwai ya zo makon jiya, wane littafi ya buɗe?" Sai da Kakaki ta buga guduma sau biyar, ta sa ta janye maganar.

An tura ƙudirin ga kwamitin mutum biyar.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kwamiti ya yi zaman jin ra'ayi lokacin tara. Ban je ba, taron malamai ya riƙe ni. Akawu ya kawo mini rahoto, shafi huɗu, rubutu ƙanana. Na jefa a jaka.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Karatu na uku. Shugaban kwamiti ya karanta shawarwarin da ke shafin ƙarshe kawai. Sun yi wa ƙudirin gyaran fuska: malama ta miƙa wa kowa takardarsa a naɗe, wanda ya so a faɗi makinsa ya nema da bakinsa. Aka kaɗa ƙuri'a, ashirin da ɗaya suka ce e, goma sha biyar suka ce a'a.

Na lura da abu guda. Akwai 'yan gida ɗaya su biyu a ajin: ƙaramar, da suke kira Kwamfuta don da wuya ta sauka daga na ɗaya, da yayarta da ta maimaita aji, wadda kusan kullum sunanta nake rufewa da shi. Yayar a'a ta ce. Ita da kanta! To in wadda ke zuwa ƙarshe ba ta damu ba, wa ake karewa?

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na hau kujerar na-ƙi. Na mayar musu da ƙudirin ba sa hannu, da wasiƙar dalilaina, kamar yadda ƙa'idar da na rubuta musu ta tanada. Na bayyana musu cewa wannan ma darasi ne: majalisa na yin doka, amma shugaba na da ikon ya ce a sake dubawa. In sun nace, sai sun kawo kashi biyu bisa uku. Ashirin da huɗu ke nan. Suna da ashirin da ɗaya.

Darasi ne, e. Amma na ƙirga kafin in ƙi. Wannan tsakanina da littafin nan.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na karanta maki kamar kullum. Kwamfuta ta huɗu ta zo, karo na biyu ke nan.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Yaya ya biyo da yamma. Ina ta ba shi labarin wasiƙata, ina jin kaina. Ya bari na gama, ya ce, "Rahoton kwamitin fa, me ya ce?" Ya dube ni, ya ce, "Auta, ba ki karanta ba." Na ce shafi huɗu ne, ga tarin gyaran takardu. Ya ce kada in damu, na zama cikakkiyar shugaba, ya ga manya da yawa sun yanke hukunci a kan rahoton da ba su buɗe ba.

Da ya tafi na zazzage jaka. Yana ƙasa, ya lanƙwashe, da tabon jan biro.

Shafi na uku. Mai ba da shaida ta biyar, Kwamfuta. Akawu ya rubuta maganarta yadda ta faɗa: "Ranar da Malama ta karanta maki, ni da Yaya ba ma magana a hanya har gida. Tana tafiya gaba, ina binta a baya. Shi ya sa nake barin tambaya biyu ba amsa, ko sunana ya ɗan matso kusa da nata."

Na ɗauko takardarta ta wancan makon da ta bari a teburina. Tambaya ta tara da ta goma, fari fat. A gefe da jan birona: "Me ya same ki? Ki dage!"

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na duba ƙa'idar ko shugaba na iya janye ƙinsa. Ba ya iyawa. Ni na rubuta, da hannuna, har na ja layi a ƙasa.

Talata, 25 ga Fabrairu

Darasin yau: yadda majalisa ke tsallake shugaba. Ban taɓa koyar da shi da zafi haka ba. Na ce ɗan majalisa na da 'yancin sauya ƙuri'arsa in ya ji sabuwar hujja, ba abin kunya ba ne. Na ce rahoton kwamiti ba ado ba ne, a karanta shi tun daga shafin farko. Na maimaita ashirin da huɗu har sau uku.

Lauya ta ɗaga hannu. "Malama, ke dai a wane ɓangare kike?" Na ce a ɓangaren darasi nake, ta zauna. Janar ya ce a hankali, amma na ji, wai gwamnati ta fara girgiza.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Zaman ƙarshe a kan ƙudirin. Na zauna a bayan aji, tunda shugaba ba ta da baki a zauren majalisa. Lauya ta shirya dogon jawabi, sai Kwamfuta ta nemi izinin Kakaki. Ba ta iya magana a gaban mutane ba. Abin da ke shafi na uku ta faɗa, ba ƙari. Ba ta dubi yayarta ba, yayar ma tagar take kallo.

Kakaki ta ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Akawu na ƙirgawa da ƙarfi, ni ina ƙirgawa a zuci, har na riga shi. Ashirin da ɗaya na wancan karon. Ashirin da biyu, wani daga layin Janar. Ashirin da uku, Janar da kansa, yana cewa a rubuta ba don Lauya ya yi ba. Lissafi ya tsaya nan. Kakaki ta ɗaga abin goge allo.

Yayar ta ɗaga hannu. Rabi-rabi, gwiwar hannun na kan tebur, fuskarta har yanzu a taga. Akawu ya ce, "Wannan ɗagawa ce ko susa?" Ta ce, "Ƙirga, malam, kada ka cika ni da surutu."

Ashirin da huɗu. An kayar da ni. Na fita da sauri, na ce musu alli ne ya shiga mini ido.

Juma'a, 7 ga Maris

Gwaji na farko a ƙarƙashin sabuwar doka. Na naɗe takardu talatin da bakwai, na bi tebur tebur. Ya fi cin lokaci, kuma har yanzu ina ganin dokar na da gyara, zan faɗa wa Yaya haka. Janar ya nemi a faɗi nasa, na faɗa, aka yi masa dariya, ya ji daɗinsa.

Kwamfuta ta amsa goma cif. Yayar ta ci huɗu, da can biyu take ci. Na tsaya a teburinta na nuna mata inda ta kusa samun na biyar. Ban tuna ranar da na taɓa tsayawa a teburin nan ba.

Da aka tashi na hango su daga tagar ofis, kafaɗa da kafaɗa, suna gardama a kan wani abu.

Gobe in sayi abin maƙale takarda, naɗin yana warwarewa.