Mazarƙwailar Fushi

Daren Laraba, Janairu 1956

Alhamdulillahi, yau mazarƙwailata ta yi laushi luƙui! Tun da Baba ya bar mini kaskon dafa ruwan rake, kullum garas-garas take fitowa, kamar an zuba yashi. Har Hajiya Kande ta unguwar Limancin Kona ta aiko cewa in ta sake tauna tsaki, wani wuri za ta sayi ta garar 'yarta.

Da la'asar ina sauke kasko sai ga Yaya Sule, ko sallama babu. Wai dokin da ke jan injin rake ya rame, ni ne ba na ba shi dusa. Ni! Ba na mayar wa babba magana, sai na sauke fushina a kan muciya. Na yi ta juyawa da ƙarfi har ruwan ya yi kauri, kafaɗata kamar ta cire. Ashe juyin da Baba ke ta ce mini in yi ke nan, ni kuwa sama-sama nake yi.

Da mazarƙwailar ta daskare, Baba ya gutsura, ya tsotsa, ya tambayi yadda aka yi. Da na faɗa, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Sule, don Allah gobe ma ka zo ka ɓata masa rai."