Gayya Babu Ƙwaya

Garin Maijirgi, daren Asabar, cikin kaka.

Jikina kamar amalanke ya bi ta kaina, amma murna ta hana ni barci. Yau aka yi gayyar cirar gyaɗar Baba, ba a raba ƙwaya ko ɗaya ba!

An saba mai gona ya kawo fura da ƙwayoyin kashe ciwo na mai tebur, kowa ya haɗiye kafin ya duƙa. Na ce bana ban yarda ba. Tun da Baba ya ga jini a fitsarinsa, lokotoro a asibitin Tasawa ya ce shan su barkatai shekara da shekaru yana ɓata ƙoda, wasunsu har ana danganta su da sankarar mafitsara.

Kawu Idi ya yar da fartanya. "Ke Hadiza, rowa ce ko boko?"

Kafin in buɗe baki, Baba mai kunyar nan ya miƙe gaban kowa. "Jini nake fitsara, Idi. Mai so ya saya da kansa."

Mutane suka sha fura, suka duƙa, gyaɗa ta fito kakaf.

Sakamakon awon Baba bai fito ba tukuna. Amma da magariba Kawu ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa: "'Yata, ranar da za ku koma Tasawa, ku biyo mini, ni ma a duba ni."