Durƙuson da Awal Ya Yi a Fili

Zuwa ga Shugaban kwamitin ladabtarwa na gasar ƙwallon unguwanni, Tamale.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, tun kafin gaisuwa ga kacici-kacici, naka ne kai da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa. Samari biyu sun shiga fili. An ɗaga wa ɗaya jan kati, ya fita kowa na kallo. Ɗayan ba a ɗaga masa komai ba, ko rawaya bai gani ba. To, wanne aka kora? Kada ka yi saurin amsawa, jikokina ma in sun yi sauri ranƙwashi suke sha. Ka riƙe shi, amsar tana ƙasa.

Bayan haka ina gaishe ka, ina gaida mutanen kwamitinka, da fatan iyali suna lafiya, aiki kuma yana sauƙi. Sunana Azumi, a Nyohini ana ce mini Mma Azumi mai koko. Karatuna bai yi nisa ba, firamare na ɗan taɓa aka mayar da ni gindin murhu, saboda haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, maganar ba ta karkace ba. Na rubuto inda kowa zai gani ne domin na zo ofishinku ban samu shiga ba.

Maganar jikana ce, Awal, mai tsaron baya a ƙungiyar unguwarmu, wanda kuka dakatar shekara guda. Maigidana nake ce masa, yadda kaka take ce wa jikanta namiji. Uwarsa, 'yata, ta rasu yana rarrafe, a bayana ya girma. Yau jakarsa tana ɗaure a bayan ƙofa, ya ce ranar Juma'a zai bi motar Accra. Wannan jakar nake so ku taimake ni in kwance.

Na ɗaya. Akwai abin da rahoton rafali bai faɗa muku ba, domin shi ma bai sani ba. Sadat, ɗan gaban ƙungiyar Kaladan, wanda aka ba jan katin, shi ma jikana ne. Ɗan ɗana ne, Awal kuwa ɗan 'yata. Sunan ubanninsu daban, unguwa daban, riga daban, shi ya sa babu wanda ya haɗa su. Amma a wajenmu ɗan namiji da ɗan mace taubasai ne, abokan wasa. Ɗan namiji ubangida ne, ɗan mace bawansa, da baki kawai, kuma tsokana a tsakaninsu ba rashin kunya ba ce, ita ce gaisuwarsu. Ranar da ka ga taubasai sun gaisa da ladabi sun wuce, ranar za ka tambaya me ya faru. Maƙwabtanmu Dagomba ma suna da irin wasan nan, ba ni zan koya muku ba.

Sadat yana ƙarami ya zo mini yawon sallah cikin sabuwar riga da hula. Wata zabuwata mai 'ya'ya ta ga ba ta yarda da shi ba, ta bi shi suka zagaye tsakar gida, hula ta faɗi, ya haye turmi yana kiran uwarsa. Tun ranar Awal ya koyi kukan zabuwa, kuma ya iya shi har zabbin ma suna amsawa. Shi ma Sadat yana da nasa makamin: Awal ya taɓa gatsar sabulu yana zaton wagashi ne, cukun nonon nan da ake ci, bakinsa ya yini yana kumfa. Da zabuwa da sabulu suka girma, a kwano ɗaya.

Na biyu, abin da ya faru a fili. Ina wurin, ba labari aka ba ni ba. Na ɗaura ɗankwali kalar Nyohini da zani kalar Kaladan, don kada wani cikin mazajena ya ce na yi son kai. Awal aka sa ya tsare Sadat. Duk sanda ƙwallo ta nufo Sadat sai Awal ya matso bayan kunnensa ya yi kukan zabuwa. Ba zan musa ba, na ji, har na yi dariya. Sadat ya amsa masa da maganar sabulu, suka ci gaba.

Matsalar ta fara ne da samarin unguwarmu da ke bakin layi suka ji. Ba su san zabuwar ba, ba su san turmin ba, sun dai ga abin yana sa ɗan Kaladan waigowa. Sai gefen fili gaba ɗaya ya ɗauka. Da zarar Sadat ya taɓa ƙwallo, fili ya kaure da kukan zabbi kamar ranar kasuwa. Ana cikin haka ya samu raga a buɗe, ya buga sama. Aka sake ɗauka. Da suka yi tsalle tare a ƙwallo ta gaba, Sadat ya kai wa Awal gwiwar hannu a baki. Leɓe ya fashe, rafali ya ɗaga ja. Ban ce rafali ya yi kuskure ba. Ni ma da a gida ne, da muciya zan ɗaga masa.

Na uku, kuma nan nake roƙo ka karanta a hankali. Kun rubuta cewa bayan an kori abokin hamayya, Awal ya ruga gabansa ya durƙusa yana tafa masa don izgili. Ya ruga, ya durƙusa, ya tafa, duk gaskiya ne. Izgilin ne ba gaskiya ba.

Sadat yana da zuciya tun yana yaro. In wasa ya yi masa zafi sai ya tashi fuu ya nufi zaure, wai ya bar gidan ke nan. Sai Awal ya riga shi bakin ƙofa, ya tsuguna kamar yadda ake yi a gaban sarki, ya riƙa tafi a hankali, yana yi wa ubangida fatan sauka lafiya, yana tambaya ko bawa ya ɗauko masa takalmi. Sadat bai taɓa iya riƙe dariya ba. Sai ya shafa kan Awal, a koma kan tuwo. Su biyun nan ban taɓa jin ɗaya ya ce wa ɗaya yi haƙuri ba. Durƙuson nan shi ne yi haƙurinsu.

Abin da Awal ya yi a fili ke nan, da jini a haɓarsa. Ya ga tsokanarsa ta fi ƙarfinsa ta shiga bakin jama'a, ya ga ɗan'uwansa zai fita da kunya, sai ya yi abin da ya sani. Kuma Sadat ya yi dariya. Na ga haƙoransa. Ya miƙa hannu zai shafa kan, sai ledar ruwa ta fara sauka, bayanta duwatsu. Mutanen Kaladan sun ga an kori ɗansu an kuma bi shi da tafi, ban ga laifin idonsu ba. Rafali a lokacin ya juya baya yana rubuta lamba, da ya waigo sai ya ga yaro a tsugune da fili a hargitse. Aka tashi wasa. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji mummunan rauni. Ni dai takalmina ƙafa ɗaya ya ɓace a gudun, in wani ɗan Kaladan ya tsinta, na hagu ne, ya zo ya karɓi na dama su zauna tare.

Na huɗu, hukuncinku. Wanda ya fasa baki wasa uku. Wanda aka fasa wa baki shekara guda, wai ya tunzura 'yan kallo. Ba ku kira ko ɗaya a cikinsu ba. Ranka ya daɗe, ko ni da nake raba faɗan yara a kan ƙosai, ina tambayar wanda ya yi kuka me aka yi masa. Ku kun yanke cewa an wulaƙanta Sadat, ba ku tambayi Sadat ko ya wulaƙantu ba.

Na biyar, zuwana ofishinku. Sadat ya so ya zo ya faɗi gaskiya da bakinsa. Kocinsu ya gaya masa in ya je ya tsaya wa ɗan Nyohini, kada ya dawo atisaye. Duk da haka Sadat ɗin ne ya goyo ni a babur, ya ƙi cire hular kwano har muka bar layin, a cikin wannan zafin, don kada a gane shi. Mutumin da ke bakin ƙofarku ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera. Ya ce sakataren ƙungiya ne kaɗai yake ɗaukaka ƙara, kuma lokacin ya wuce. Sakatarenmu a makon da aka ware don ɗaukaka ƙarar yana Yendi wajen rasuwar kawunsa. Na yi masa bayanin taubasai tun daga zabuwa. Ya yi dariya har da share ido, ya ce shi ma yana da nasa taubashin a Gurugu mai kiransa ɓarawon doya. Sannan ya ce babu wannan a cikin dokar gasa, ya raka ni bakin hanya. Ban yi fushi da shi ba. Ya gane maganata sarai, ba shi da inda zai kai ta ne, kamar ni.

Na shida. Wataƙila a wajenku shekara guda ba komai ba ce, yaro ne, zai dawo. Bari in gaya maka abin da take a gidana. Awal yana koyon gyaran babur da safe, da la'asar ya tafi fili. Abokan tasowarsa da yawa sun gangara Accra sana'ar tsoffin ƙarafa, kullum suna kiransa a waya. Na ga yadda wasu suke dawowa, da tari, da tabon ƙuna a hannu. Wasu kuma sai dai gaisuwar sallah. Abu ɗaya ya riƙe shi a Tamale: kocinsu ya ce a ƙarshen gasa masu neman 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi sukan zo kallo, kuma ya ce Awal yana cikin waɗanda za a duba. Ni ban san ko za su ɗauke shi ba. Na dai san muddin yana jiransu, yana kwana a ɗakin da ke kusa da nawa.

Yanzu in ya fita, yaran unguwa suna tsuguna masa suna tafi. A Kaladan kuwa an ce kada ya kuskura ya bi ta layinsu, gidan kawunsa ke nan fa. Kuma ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Yaron nan bai taɓa shan kokona bai kushe shi ba. Kullum ruwa ne tsululu, kullum zai sake ni ya auro mai shayi. Ni kuma in ce ya fara biyan sadakin farko tukuna. Tun da takardarku ta zo, sai ya karɓi kofi da hannu biyu ya ce ya gode. Na tsokane shi da sabulu, ya yi murmushi irin na baƙo. Na yi ciwon ƙafa na ƙarya don ya ji tausayina, ya sayo mini man zafi ya koma kan jakarsa. Na sa limaminmu ya yi masa magana, ya saurara da ladabi har ƙarshe. Dabaruna sun ƙare, kuma ni ba a san ni da ƙarewar dabara ba.

Ga roƙona. Ban ce ku wanke shi ba, ya yi tsokana a inda ba gida ba, ku ba shi wasa uku kamar ɗan'uwansa. Ku kira su su biyu, ku tambayi Sadat a ɗaki, inda kocinsa ba zai ji ba. In ba ku yarda da bakinsu ba, ku ajiye musu kwano ɗaya ku koma gefe ku kalla. In kuma dokar ta ɗaure ku yadda ta ɗaure mutumin bakin ƙofa, to ku aiko ko mutum ɗaya ya gaya wa Awal cewa kun ji abin da durƙuson yake nufi. Kai ma da ka koma gida ka tambayi tsohuwarku, za ta nuna maka naka taubashin, in ka manta shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya maka zuriya, ya bar maka jikokinka kusa da kai har su ishe ka da surutu. Allah ya sa gasarku ta ƙare lafiya.

Wassalam.

Taku, Mma Azumi mai koko, Nyohini.

Na rubuta abin da ke sama ranar Talata, ina neman wanda zai sa mini shi inda za ku gani. Awal bai jira Juma'a ba, yau da safe ya tafi. Sadat ne ya ɗaukar masa jaka zuwa tasha, ni ina biye da su. Da mota ta tayar, sai Sadat, ubangida guda, ya tsuguna a ƙasa gaban mutane ya riƙa tafi a hankali. Awal ya kalle shi ta taga, ya ɗaga hannu. Babu wanda ya yi dariya.

Sadat ya gama dakatarwarsa ta wasa uku, ranar Asabar zai koma fili. Amsar kacici-kacicina ke nan, ranka ya daɗe: wanda ba a ɗaga wa kati ba, shi aka kora. Awal ne.